Humra a Wuyan Rigar Farauta

Ni 'yar mahauci ce, matar maharbi kuma. Da nama a hannu na tashi, da shi na tsufa. Ban shiga aji ba, amma in aka ajiye cinyar dabba a gabana na san inda jijiya ta kwanta tun kafin in taɓa. Abin da zan faɗa a nan Greensboro, a ƙasar Turawa, ya faru, inda nake zaune wajen ɗana, kuma ban fito da kyau a cikinsa ba. Duk da haka zan faɗe shi yadda ya kasance.

Ɗan nan nawa ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ko yana jariri. Da ya je Makka ya dawo sai na samu sauƙi, nake ce masa Alhaji. Tsakanina da shi magana gajeriya ce: an tashi lafiya, lafiya lau, ya sanyi, da godiya. Ba rashin so ba ne. Haka aka rene mu, haka muka rene su. Ban iya ce masa kaina na ciwo ba, balle abin da ya fi haka.

Shekarun farko da na yi a gidansa, zama kawai na yi. Matarsa tana aiki a asibiti, mutuniyar kirki ce, ba ta bari in ɗaga ko cokali. Inji ne ke wanki, inji ne ke wanke-wanke, inji ne ke shara. Jikoki su gaishe ni da Hausa, in na ja maganar su amsa da Turanci su wuce. In yi sallah, in zauna a bakin taga, in ga kurege ya hau bishiya ya sauko. In sake sallah. An ajiye ni da daraja, kamar kwanon da ba a cin abinci a ciki.

Wata rana sai ga Alhaji ya shigo layi da wata doguwar mota fara, ta kusa tare hanya. A wani filin sayar da motoci na Gate City Boulevard ya samo ta, ta hannu. Ya ce in fito in gani. Matakala uku ce ta ƙarfe, na hau da kyar, na shiga na tsaya. Gida ne aka ɗora wa tayoyi. Gado a ƙurya, murhun gas mai baki biyu, ɗan firji, banɗaki kamar kwaba, da teburi wanda in aka danna shi ƙasa ya zama gado na biyu. A gefe akwai rumfa ta zane da ake warwarowa.

Na ce, "Alhaji, korar mu aka yi daga gidan?"

Ya yi dariya. Ya ce, "Inna, daji za mu."

Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, maharbi ne na gaske, amma bai taɓa ɗaukar sa zuwa daji ba. Ya ce wannan na boko ne. Yaron ya yi boko har boko ya kawo shi nan. Sai da furfura ta fito masa a gemu ya bi abokan aikinsa ya koyi riƙe bindiga, ya yi jarrabawa, aka ba shi takardar izini. Bai faɗa mini dalili ba, ni kuma ban tambaya ba. Na sani.

Tun daga nan, duk shekara in ganye ya zube, makon da mutanen ƙasar nan suke hutun cin talotalo, sai mu tafi ni da shi. Mu bar gari, mu wuce Summerfield inda dawaki suke kiwo a bayan fararen shinge, mu ci gaba arewa har kwalta ta ƙare. Akwai wani tsohon Bature mai gona da daji a can, shi ya ba Alhaji izinin farauta a filinsa. Mu ajiye motar kusa da rumbunsa na katako, a jona mata wuta. Kwana huɗu, wani lokaci biyar.

Da asuba mu yi sallah, ya sha shayi a tsaye, ya sa rigarsa mai launin ganye da hula ruwan lemo wadda doka ta ce a sa, ya tafi. Ba ya bin sawu kamar ubansa. Kujera ce aka ɗaure a saman bishiya, ya hau ya zauna yana jira. Ni kuma in zauna a mota ina jira. A gidanmu matar maharbi ba ta wasa wuƙa sai ta ji ƙarar bindiga, kuma ba ta tambayar mai dawowa me ya samo. Barka da daji kawai ake cewa. Haka na riƙe.

In bindiga ta tashi, sai in ɗauko wuƙar mahaifina. Siririya ce, wasawa ta cinye rabinta, ƙotar ta yi baƙi da hannun mutum biyu. Alhaji ya ambaci sunan Allah kafin ya harba, in ya tarar da barewar da rai ya yanka, ya jawo ta a kan wani faifan roba. Barewar ƙasar nan ba irin tamu ba ce, ta kai ɗan maraƙi. Shi da Baturen su rataye ta a rumbu, su feɗe. Daga nan aikin nawa ne.

Kilishi a gida sana'ar maza ce. Amma mahaifina ya daɗe bai sami ɗa namiji ba, ni ce nake zama a gefensa, har hannuna ya ɗauka. Ana kama tsoka da hagu, a sa wuƙa a kwance, a riƙa juya naman ana warware shi kamar turmin zane, har ya zama falle guda mai faɗi wanda in ka ɗaga za ka ga hasken rana ta cikinsa. A kan ɗan teburin motar nake yi. In shanya a kan raga ƙarƙashin rumfa, in sanyi ya yi yawa in shigo da shi in kunna hita. In dama labu da tunkuzar da na yi tun a gida, da citta da kanumfari da masoro da albasa. In tsoma, in sake shanyawa, in gasa a gawayi. Mu koma gari motar tana ƙamshi har a titi.

Da wannan kilishin na zama mutum a garin nan. Mu ƙulla shi a takarda, a bi gidajen mutanenmu ana rabawa, har da maƙwabtanmu 'yan Jos da suke zuwa coci. Matan da ba su san ina raye ba suka fara kirana a waya. Mai ciki ta ce shi kaɗai take sha'awa. Wani dattijo ya riƙe falle ɗaya, ya ce rabonsa da wannan tun a tashar garinsu. A wajen suna ko walima ana cewa, ku matsa wa Hajiya mai kilishi. Jikokina ma suna kai wa abokansu a makaranta. Wata goma sha ɗaya ina bakin taga, amma akwai mako ɗaya da ba a iya yin sa sai da ni.

To, sai hannun ya fara.

Da yatsa babba na dama ya fara. Sai ya bi sauran. Gaɓoɓin suka kumbura, suka karkace. Da safe sai na tsoma su a ruwan zafi kafin su buɗe. Carbi ma ya zama aiki. Shekarar ƙarshe da na yi kilishi da hannuna, na yini a kan cinya ɗaya, wuƙar tana zamewa, fallen yana hujewa. Na yanke kaina sau biyu, na ɓoye da tsumma. Bayan mun dawo na yi mako ban iya ɗaura zane da kyau ba. Matar Alhaji ta lura. Ta kai ni wajen likita, aka ba ni magani da man shafawa. A hanyar dawowa ta ce, "Hajiya, bari in gaya masa."

Na ce, "Kada ki soma. Sanyi ne, zai wuce."

Bai wuce ba. Da ganye ya sake zubewa, Alhaji ya yaye tampol daga kan motar, yana duba tayoyi yana waƙa a ciki-ciki. Ni kuma ina kallonsa ta taga, ina kallon hannuna. In ya kashe barewa, ba zan iya yankan ba. In na ce ba zan iya ba, an gama da ni, a mayar da ni bakin taga har ranar da za a ɗauke ni. Na yi ta juya abin. Sai shaiɗan ya nuna mini hanya ta uku: kada ya kashe.

Ni na san abin da barewa ba ta so. Mahaifinsa, in zai shiga daji, kwana uku ba a kunna turare a ɗakinsa, ba ya wanka da sabulu, ba ya bari in taɓa rigarsa in na shafa mai. Barewa da hanci take gani. Alhaji ma ya san wannan, yana ajiye kayan farautarsa a akwatin roba tare da busasshen ganye. Abin da ya manta shi ne nasa hancin. Tun da ciwon nan da ya rufe duniya ya kwantar da shi, ƙamshi da wari duk ɗaya suke a wajensa.

Ina da 'yar kwalbar humra da wata 'yar Maiduguri ta ba ni, mai ƙarfi, irin wadda in ta taɓa mayafi sai an wanke sau uku. Da asubar farko, yana banɗaki yana alwala, na buɗe akwatin, na ɗiga a cikin wuyan rigar, ta inda ba a gani. Ya sa ya tafi. Kullum haka, kwana biyar. Bindiga ba ta tashi ba ko sau ɗaya.

Yana dawowa in ce barka da daji, ya ce yauwa, ya cire takalmi a hankali. Ya ce yana jin su suna hura hanci daga nesa, suna buga ƙafa, sai su juya. Muka koma gari motar ba ta ƙamshin komai sai ni. Masu kira suka kira, na ce bana Allah bai bayar ba. Na ɗora wa Allah abin da na yi da hannuna. Suka ce ba komai, Hajiya, sai baɗi. Na samu shekara guda ina nan a matsayina, ban yanka ko tsoka ɗaya ba.

Ba zan ce na ji daɗin shekarar ba. Na dai huta, irin hutun da mutum yake tashi ya fi gajiya.

Da baɗin ta zo, na sake ɗaukar kwalbar. Na ce wa raina wannan ne na ƙarshe, kamar yadda na ce bara. Hawa matakalar motar ma yanzu sai ya riƙe ni. Rana ta farko, shiru. Rana ta biyu, shiru. Da ya dawo da azahar ya zauna a bakin ƙofa bai cire takalmi ba, bindigar a kan cinyarsa. Na miƙa masa shayi.

Ya ce, "Inna, Baba ya taɓa yin shekara biyu bai kawo komai ba?"

Na ce, "Kowa da rabonsa."

"Ba haka na tambaya ba."

Sai ya ce, "Ina ganin da ya ƙi kai ni daji, ya san abin da ya gani. Na baya da na samu, dace ne kawai. In mun koma zan sa motar nan a kasuwa. Ina wahalar da ke a banza, ki yi ta zama cikin sanyi."

Mutum mai furfura, mai 'ya'ya, ya sunkuyar da kai kamar ranar da ubansa ya wuce shi da kare da bindiga. Ban faɗa ba. Ko a lokacin ban faɗa ba, wannan ma a sani.

Rana ta uku da hantsi, ina zaune ina kallo ta tagar mota, Alhaji ya fito daga daji, Baturen kuma yana gyaran tarakta. Suka tsaya suna magana. Ba na jin yarensu, hannu da fuska nake karantawa. Sai na ga tsohon ya ɗaga hanci. Ya matso, ya kama wuyan rigar Alhaji ya sunsuna, ya ja da baya yana tari yana dariya, har yana dukan cinya. Ya nuna daji, ya toshe hanci, ya yi alamar gudu da yatsu biyu. Alhaji bai yi dariya ba. Ya cire rigar, ya juya wuyan, ya daɗe yana kallon tabon mai da ya taru a wurin. Sannan ya ɗago ya kalli motar.

Da ya shigo, na riga na ajiye kwalbar a kan teburi. Ya dube ta, ya zauna a ɗaya gefen. Teburin ƙarami ne, gwiwarmu ta kusa haɗuwa.

Ya ce, "Tsohon ya ce ina ƙamshi kamar amarya. Ya ce barewar gari uku ta san da zuwana."

Na ce, "Ni ce."

"Kuskure ne, Inna? A akwati ta zube?"

Ya ba ni ƙofar fita, Allah ya saka masa. Na ce, "Ba kuskure ba ne. Da bara da bana, duk ni ce."

Ya ce, "Me na yi miki?"

Sai na zaro hannuwana daga cikin mayafi na shimfiɗa su a kan teburin, kusa da kwalbar. Na ce masa, "Buɗe idonka ka duba." Shekara nawa muna gida ɗaya, ina jin bai taɓa kallon su ba, domin ɗan fari ba ya ƙura wa uwarsa ido. Ya duba. Na ɗauko wuƙar mahaifina na gwada damƙe ƙotar a gabansa. Yatsun suka tsaya a rabi.

Ya ce, "Tun yaushe?"

"An daɗe."

"Da kin faɗa, ai da mun kai wa masu yanka, su niƙa su ƙulla mana a leda. Kowa haka yake yi a nan."

Na ce, "Na sani. Shi ya sa ban faɗa ba."

Ya rufe fuska da tafin hannu. Na zaci faɗa zai yi, ya kuma cancanci ya yi. Da ya sauke hannun sai ya ce, "Kin san shekara guda na yi ina zagin kaina? Har gilashin ido na canza."

Na ce, "Ka yafe mini, Alhaji." Ban taɓa ce masa haka ba. Shi ma bai san inda zai sa maganar ba. Ya miƙe, ya buɗe firji, ya rufe, ya ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, ya fita.

Rigar ba ta gyaruwa a ranar. Baturen ya ara masa wata tsohuwa tasa mai warin tarakta, ta yi masa yawa. Washegari, ranarmu ta ƙarshe, rana ba ta gama fitowa ba bindiga ta tashi. Na ji ta har cikin ƙashina. Na ɗauko dutsen wasa bisa al'ada, na sa a gabana, na zauna ina kallon sa.

Ƙaramin namiji ne, mai ƙaho biyu kamar yatsu. Suka feɗe, Alhaji ya shigo da cinya a cikin roba ya ajiye a teburi. Na ce barka da daji. Ya ce yauwa. Ya wanke hannu, ya naɗe hannun riga, ya zauna a wurina, ni kuma ya nuna mini bakin gado.

Ya ce, "Ki faɗa, in yi."

A gidanmu ba a miƙa wuƙa hannu da hannu. Na ajiye ta a kan teburi, ya ɗauka.

Kai, na ga aiki a ranar. Mutumin da yake zana gadoji a ofis ya kasa kwantar da wuƙa. Na ce kwantar da ita, ba itace kake sara ba. Ya kwantar, ya huje naman. Na ce juya da hagu, hagu ce mai aikin, dama bi kawai take yi. Ya juya, tsokar ta suɓuce ta faɗi a cinyarsa.

Na ce, "Wannan fallen ko takalmi za a yi da shi?"

Ya ce, "Inna, kakana ma ai da wani ya fara."

"Da ya fara da irin wannan da an kore shi daga kasuwa."

Ya yi dariya, ni ma ta kusa kama ni. Amma hannuna yana kan cinyata yana motsi shi kaɗai, yana bin wuƙar da ba ya riƙe da ita. Har la'asar falle bakwai ya fitar, masu kauri, duk huji. Sauran naman muka sa a ƙanƙara, aka yi dambu da shi a gida. Labun ma shi ya dama, ni na ɗanɗana na ce ƙara citta.

Da aka raba, wata Hajiya ta kira ni. Ta ce, "Mun gode, mun gode. Amma bana kamar ya ɗan yi tauri, ko haƙorina ne?"

Ƙaryar tana nan a kan harshena, a shirye. Na ce, "Ba haƙorinki ba ne. Alhaji ne ya yanka. Hannuna ya ajiye aiki."

Ta ce ayya, Allah ya ba da lafiya, ta yi addu'a mai tsawo. Labari ya zaga. Yanzu in kaka ta yi, wayar Alhaji ake kira a tambayi kilishi. A wajen taro har yanzu ana ba ni kujera, amma irin wadda ake ba kowace tsohuwa.

Motar ba a sayar ba. Bana ma na je. Ya sa mini ɗan akwatin katako a ƙasan matakala don hawan ya yi sauƙi, duk da haka sai da na huta a ta biyu. Hanyar ta yi mini tsawo, gadon ya yi mini tauri, sanyin yana shiga inda bai saba shiga ba. Fallensa ya fara sirancewa, ban gaya masa ba. Sau biyu kawai na yi masa gyara, na biyun ma ba lallai ba ne. Da yana gasawa a waje na kwanta a gadon ƙurya, hannuwana a cikin bargo, hayaƙin gawayi yana shigowa ta ƙofa. Ya leƙo ya ce in zo in duba ko ya gasu. Na ce masa ya duba da kansa, ya sani.